Layi nawa zan ƙara bayan linta, kuma wane girma zan ba tagogi?

Baban Amira:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan ginin da nake yi a bayan Rijiyar Zaki, a nan Kano, wanda yanzu bulonsa ya kai layi na huɗu, wato daidai inda za a fara barin gurbin tagogi. Fulotin ƙafa 50 ne a faɗi, 75 a tsawo, yana kallon yamma, kuma abin da nake ginawa shi ne falo ɗaya mai ƙafa 16 da 18, da ɗakunan kwana uku masu ƙafa 12 da 12, sai kicin da banɗakuna. Maginin da ke riƙe da aikin ya ce bayan an zuba linta, wato kankaren da ke bi ta saman ƙofofi da tagogi, a kan layi na tara, layi biyu kawai za a ƙara a kira kafinta, domin haka ake yi ko'ina. Yayan matata kuma, wanda ya gama nasa gidan shekaru uku da suka wuce, ya ce idan ban ƙara layi biyar ba zan yi nadama duk bazara. Game da tagogi kuwa, zuciyata ta fi karkata ga manya ƙwarai, saboda gidan hayar da muke ciki taga ɗaya ce a kowane ɗaki, ƙarama, tana kallon bangon maƙwabci, har da rana tsaka sai an kunna fitila kafin yara su yi aikin makaranta. Na dakatar da aikin na kwana uku domin in ji ta bakin waɗanda suka fi ni sani.

Injiniya Mai Zane:
Wa alaikumus salam, Baban Amira. Ka kyauta da ka dakata a nan, domin bayan an zuba linta gyara yana zama rushewa. Matsalar da na fi gani ita ce mai gida da magini suna magana da yawan layi, alhali abin da mutum zai rayu a cikinsa shi ne tazarar da za ta rage tsakanin saman tayil da ƙasan silin bayan an gama komai. Bari mu lissafa tare. Bulo inci 9 ne a tsaye, idan aka haɗa da simintin ɗauri kowane layi yana kai kusan inci 10. Layi tara ya ba ka inci 90, linta ta ƙara 9, layi biyu na magininka sun ƙara 20, jimla inci 119, wato kusan ƙafa 10. Shi ya sa yake ganin ya ba ka ƙafa 10, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai daɓen da za a shimfiɗa tayil a kai, da tayil ɗin kansa, za su ci wajen inci 3 daga ƙasa, silin fi'ofi kuma yakan sauko da inci 6 zuwa 12 daga sama, gwargwadon adon da aka zaɓa. Abin da zai rage maka wajen ƙafa 9 ne kawai. Daga nan a rataya fanka, wadda take bukatar aƙalla ƙafa ɗaya tsakaninta da silin kafin ta ja iska yadda ya kamata, sai ka tarar fukafukanta suna ƙafa 8 ko ƙasa da haka, inda dogon mutum idan ya ɗaga hannu zai sa babbar riga sai ya yi hattara.

Shawarata ita ce ka nemi ƙafa 10 gamammu a ɗakunan kwana, wanda layi uku bayan linta zai kusa ba ka idan silin bai yi zurfi ba. Layi huɗu ya fi sakin jiki, musamman saboda falon, domin faffaɗan ɗaki idan silinsa ya yi ƙasa yakan zama kamar an danne shi. Layi biyar kuwa, a ɗaki mai ƙafa 12 da 12, ban ga amfaninsa ba.

Baba Magini Na Ɗorayi:
Injiniya ya yi lissafi daidai, amma akwai abin da takarda ba ta nunawa, kuma shekaruna sama da talatin a wannan sana'a sun nuna mini shi sau da yawa. Unguwannin nan na bayan gari ba a yi musu titi da magudanar ruwa ba tukuna. Ranar da aka zo yi, cikon ƙasa ake zubawa, titi ya hau, gidan da yake sama da hanya ya koma ƙasa da ita. Bara na yi aiki a wani gida da ruwan watan Agusta yake shiga har falo, ba yadda za a yi sai da muka cika ɗakunan da ƙasa wajen ƙafa ɗaya da rabi muka sake daɓe. Da muka gama, matar gidan tana iya taɓa silin da tsintsiyar hannu, ƙofofi kuma sai da muka fasa linta muka ɗaga su, tagogin da suke daidai ƙugu suka koma daidai gwiwa. Saboda haka, ɗana, kafin ka ƙirga layin sama, je ka tsaya a bakin hanya ka dubi inda daɓenka yake. Idan bai ɗara hanya da ƙafa biyu ba, layi ɗaya na sama ba ado ba ne, ajiya ce.

Kuma kada ka ga laifin magininka da yawa. Mafi yawan masu gini kuɗinsu a linta yake ƙarewa, sai su ce a yi sauri a rufa kafin damina, shi ya sa hannunsa ya saba da layi biyu.

Baban Amira:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Na je na auna da yammar nan, daɓen ya ɗara hanya da ƙafa ɗaya da 'yan inci kawai. Injiniya, ina so in san abin da kowane ƙarin layi zai ci, domin kuɗin kwano na ware shi daban kuma ba na son in taɓa shi.

Injiniya Mai Zane:
Ka auna tsawon dukkan bangayen gidan, na ciki da na waje, ka haɗa su. Tsawon bulo ɗaya inci 18 ne, wato ƙafa ɗaya da rabi. Gida irin naka bangonsa yakan kai wajen ƙafa 300, ka ga kowane layi bulo 200 ke nan ko kusa da haka. A kan wannan sai ka ɗora simintin ɗauri, da filasta ciki da waje, da fenti, da kuɗin hannu. Ba ƙaramin abu ba ne, amma idan ka kwatanta shi da kuɗin ginin gaba ɗaya, shi ne ɓangaren da ba za ka iya dawowa ka ƙara ba bayan an rufa. Tayil mai tsada zai iya jira, fentin waje ma haka.

Abu Hanifa:
Ni ban yarda da wannan tsawaita silin da ake yayi ba. Yanzu zamanin esi ne da sola. Duk ƙarin tsawon da ka yi, ƙarin iska ce da na'ura za ta sanyaya. Daga ƙafa 10 zuwa 12, girman cikin ɗakin ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar, kuma batirinka ne zai biya. Gara mutum ya tsaya a ƙafa 9, ya toshe ɗakinsa da kyau, ya sa tagogin gilashi masu zamiya waɗanda ƙura ba ta ratsa su, ya sayi esi mai cin wuta kaɗan.

Maman Walid:
Malam Abu Hanifa, da girmamawa, shawarar nan ta wanda wutarsa ba ta yankewa ce. Mu da muke wuni a cikin gida mun san cewa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, lokacin ne wuta ta fi ƙaranci, kuma ba kowane gida ke da solar da za ta ɗauki esi har asuba ba. Gidan da na fara zama bayan aure silinsa gajere ne a ƙarƙashin kwano. Daga azahar, idan na ɗaga tafin hannuna sama, ina jin zafin yana saukowa kamar na kusanci murhu, fanka kuma ba abin da take yi sai ta kwaso wannan zafin ta watso mana. Jaririna na fari duk jikinsa ƙurajen zafi ne a bazarar nan, tabarma muke fitarwa tsakar gida mu kwana, sauro yana cin rabonsa.

Amma kuma, Baban Amira, ina so in ja hankalinka game da manyan tagogin nan. Gidan da muke ciki yanzu falonsa yana da taga mai ƙafa 8 a faɗi tana kallon yamma, kuma da muka tare ita ce abin da kowa yake yabawa. Yau labule mai kauri biyu ne a kanta, ba ma ɗaga shi sai bayan magariba, domin daga la'asar rana take shigowa kai tsaye har kan kujeru, ta kashe launin kafet, gilashin kansa ya yi zafin da yaro ba zai iya jingina da shi ba. Da hunturu kuma hanyar da gilashin yake zamiya a kai cika take da ƙura, sai na bi ta da tsohon buroshin haƙori kafin ta rufu. Mun biya kuɗin babbar taga, muna zaune a duhu.

Injiniya Mai Zane:
Hajiya ta taɓo asalin maganar. Ɓangaren da taga take kallo ya fi girmanta muhimmanci. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a bazara rana da tsaka kusan a tsakar ka take, bangon kudu da na arewa ba sa shan ta sosai, kuma ɗan bakin rufin da ya fito da ƙafa biyu ya isa ya yi musu inuwa. Gabas da yamma kuwa rana a kwance take zuwa musu, babu bakin rufin da zai tare ta, kuma ta yamma ta fi muni domin tana zuwa ne a lokacin da iska da bango suka riga suka ɗauki zafin yini. Tunda fulotinka yamma yake kallo, kada ka bi al'adar sanya babbar tagar falo a gaban gida don a gani daga waje. Ka mayar da manyan tagoginka kudu da arewa, ta yamma ka rage ta, ko ka yi mata baranda mai zurfi a gabanta.

Game da girma, ƙa'idar da muke koya tun a makaranta ita ce faɗin tagogin ɗaki kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓensa. Ɗakin ƙafa 12 da 12 murabba'in ƙafa 144 ne, kashi ɗaya cikin goma ya kama 14 da ɗoriya, ka ga taga ɗaya mai ƙafa 4 da 4, wadda take 16, ta cika sharaɗin haske. Iska kuma maganarta daban. Taga mai zamiya rabinta kawai ke buɗewa, saboda haka wannan 16 ɗin ta koma 8. Mai buɗewa kamar ƙyaure tana ba ka dukkan gurbin, luba, mai jerin gilasai a kwance, ita ma kusan haka, sai dai ita ba ta tare ƙura. Sannan iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da mafita a cikinsa. Tagogi biyu matsakaita a bango biyu daban sun fi ƙatuwa guda ɗaya nesa ba kusa ba. Falonka murabba'in ƙafa 288 ne, yana bukatar aƙalla 29, tagogi biyu masu ƙafa 5 da 4 sun wadatar har da rara.

Malam Abu Hanifa, lissafinka na kashi ɗaya cikin biyar daidai ne, sai dai mafi yawan zafin da esi ke fama da shi ta rufi da gilashi yake shigowa, ba daga yawan iskar ɗaki ba. Wanda ya kare rufinsa ya kuma kauce wa ranar yamma zai ga sauƙin batiri fiye da wanda ya rage layi ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaida jama'a. Mu a nan da mita muke awo, kuma mita 3 zuwa 3 da rabi ne abin da masu hali suke yi, amma ina so in ce tsawo shi kaɗai ba ya sanyaya ɗaki. Iska mai zafi sama take hawa, idan ta hau ba ta sami ƙofa ba sai ta taru ta sake cika ɗakin. Kakanninmu da suke gina soro da tubali da azara sun san wannan. Bangonsu mai kauri ne, yana shanye zafin rana ba ya sakinsa sai dare, tagoginsu kuma ƙanana ne, can sama kusa da rufi, inda zafi yake taruwa. Mu muka ɗauki bulon siminti mai rami da kwano, waɗanda ba su da wannan kauri, muka kuma yar da 'yar tagar sama. Akwai wani mai zanen gine-gine ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, wanda ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a shekarar 2001. Abin da ya yi shi ne ya ɗaga kwanon sama, ya raba shi da silin na ƙasa, iska tana wucewa a tsakaninsu tana kwashe zafin, kuma a 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin. Ba sai ka yi irin nasa ba, amma aƙalla ka bar ƙofofin iska a cikin rufi, tsakanin kwano da silin, gefe da gefe, ka sa musu raga saboda jemage da tsuntsaye. A cikin layukan da za ka ƙara bayan linta kuma, ka bar 'yan tagogi masu tsawon bulo ɗaya a saman kowace taga, masu murfi, a buɗe su da bazara a rufe da hunturu.

Baba Magini Na Ɗorayi:
Maganar mutumin Maraɗi gaskiya ce. Wanda yake shakka ya shiga Gidan Makama da rana tsaka a watan Afrilu, ya fito ya shiga shagon kwano, gani ya kori ji. Abin da zan ƙara shi ne wannan ɓoyayyen rufi da ake yayi, wanda ake ɗaga bango ya rufe kwano. Yana da amfani, domin iskar farkon damina ba ta samun bakin kwano ta yaye shi. Amma ya kashe bakin rufi, ya bar taga tsirara. A ƙasar nan hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, kuma tagar gabas da ba ta da rumfa ruwa zai bi ƙasanta ya shiga ɗaki komai kyawun aikin mai aluminiyam. Idan ɓoyayyen rufi za ka yi, to a lokacin zuba linta ka sa kafinta ya fito da ɗan kankare a saman kowace taga, ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, a zuba su tare da rodi ɗaya. Tun ran gini tun ran zane. Wanda aka liƙa daga baya tsagewa yake.

Malam Na Tudun Wada:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Akwai haƙƙin maƙwabci da ban ji an ambata ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan wannan tun da daɗewa, kuma a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an kawo, a ƙarƙashin ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, cewa mutum ba zai buɗe taga ta kusa da zai riƙa hango maƙwabcinsa ta cikinta ba. Idan daɓenka ya hau sama kamar yadda Baba ya ce zai iya faruwa, to idon wanda yake tsaye a ɗakinka ma ya hau, kuma katangar da kake ganin ta isa tana iya gazawa. Ka tsaya a kan daɓen, a gurbin kowace taga ta kudu da ta arewa, ka duba ko kana ganin tsakar gidan wani. Idan kana gani, ka ɗaga ƙasan tagar zuwa layi na shida, ka faɗaɗa ta a kwance, za ka sami haskenka da iskarka ba tare da ka takura wa iyalin mutane ba. Iyalinka ma za su fi sakewa su bar labule a ɗage.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina goyon bayan tagogi biyu a kowane ɗakin kwana, kuma dalilina daga wurin aiki yake. Sanƙarau a lokacin zafi da ƙura yake tashi, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka masa yaɗuwa, waɗanda suka ga annobar 1996 ba su manta ba. Ɗakin yara shi ya fi cika da mutane, amma shi ake ba taga mafi ƙanƙanta. Abu na biyu shi ne ƙarafunan tsaro. Na karɓi mutanen da gobara ta ritsa da su a ɗaki, wuta tana ƙofa, taga kuma an yi mata walda ta ko'ina. Ina roƙonka ka sa mai walda ya yi wa aƙalla taga ɗaya a kowane ɗakin kwana ƙarfe mai buɗewa daga ciki, a rataye makullin a wurin da kowa ya sani, kuma gurbin ya isa babban mutum ya fita. Kicin ma kada a ba shi 'yar tagar banɗaki, musamman idan da gas za a yi girki, kuma kada a ajiye janareta a ƙarƙashin tagar ɗakin kwana.

Abu Hanifa:
Na karɓi gyara a kan maganar rufi da ranar yamma. Amma duk da haka ina ganin kada ya wuce layi huɗu, kuma 'yan tagogin saman nan a yi musu murfin da yake rufuwa ruf, domin ranar da ya sa esi kada sanyin ya riƙa zurarewa.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na zauna da uwargida mun karanta komai, mun tsaya a kan layi huɗu bayan linta, da silin mara zurfi a ɗakunan kwana. Babbar tagar falo za ta koma bangon kudu, ta yamma za ta zama ƙafa 3 a bayan baranda, kowane ɗaki kuma zai sami tagogi biyu masu buɗewa kamar ƙyaure. Matsala ɗaya ta rage. Ɗakin tsakiya bango ɗaya kawai yake da shi na waje, kuma tsakaninsa da katangar arewa ƙafa uku ne kacal. Baba, yaya zan yi da shi?

Baba Magini Na Ɗorayi:
Ƙafa uku ta yi kaɗan, amma tunda an riga an zuba harsashi ba za mu motsa bango ba. Tagar wajen ka ɗaga ta yadda samanta zai haura katanga, sannan ka shafa wa cikin katangar farin fenti domin ta mayar da haske cikin ɗakin. Mafitar iska kuma ka buɗe ta a saman ƙofar ɗakin, tsakanin linta da silin, faɗin ƙofar, tsawon layi biyu, ta fita zuwa korido, koridon kuma a bar masa taga a ƙarshensa. Kafin magininka ya ɗora bulo ɗaya ranar Asabar, ka samo doguwar gora ka tsayar da ita a kusurwar falo, ka zana mata da gawayi inda tayil zai tsaya, da ƙasan taga, da linta, da ƙasan silin, da inda fukafukan fanka za su kai. Ka kira uwargidan ta tsaya a gindinta ta ɗaga hannu, shi ma maginin ya gani da idonsa, sannan a kwaɓa siminti.